Matsayin Ingilishi a Shirin Firamare na Shekara Shida na Ife: Waiwaye

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka ambaci Shirin Firamare na Shekara Shida na Ife, abin da ya fi zuwa zukatan masana shi ne koyarwa da Yarbanci. Ba kasafai akan tuna cewa shirin ya yi wa Ingilishi tanadi na musamman ba. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin shirin ta wannan fuska, don a ga irin tallafin da aka bai wa yaro mai koyon Ingilishi a matsayin harshe na biyu, da kuma abin da ya biyo baya.

2.0 Yanayi kafin shirin

Kafin 1970, tsarin makarantun Jihar Yamma shi ne a koyar da yara da Yarbanci a shekaru uku na farko, sannan daga aji huɗu a juya zuwa Ingilishi. Illar wannan ita ce, ana ɗora wa yaro kaya biyu a lokaci guda, wato koyon harshe da koyon darasi da harshen da bai gama naƙalta ba. Shi kansa malamin aji, wanda ke koyar da kowane darasi, sau da yawa Ingilishin nasa bai nuna ba. Saboda haka sai hadda ta maye gurbin fahimta.

3.0 Tsarin shirin

A 1970 Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Ife, a ƙarƙashin Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa, ta ƙaddamar da shirin a makarantar firamare ta St. Stephen da ke Modakeke, da tallafin Gidauniyar Ford. An kasa yaran gida biyu. Kashi na farko an koyar da su lissafi da kimiyya da nazarin zamantakewa da Yarbanci tun daga aji ɗaya har aji shida, shi kuwa Ingilishi aka mai da shi darasi mai zaman kansa a hannun malamin da aka horar musamman dominsa. Kashi na biyu sun bi tsohuwar hanya ta juyawa zuwa Ingilishi bayan shekara uku. Bugu da ƙari, an rubuta sababbin littattafai, na Yarbanci da na Ingilishi, masana harshe irin su Adebisi Afolayan suka ba da gudummawa. A 1973 aka faɗaɗa shirin zuwa wasu makarantu goma, cikinsu har da na karkara.

4.0 Sakamako da suka

Rahoton da Fafunwa da abokan aikinsa suka buga a 1989 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, kuma sun fi su fahimtar sauran darussa. Sai dai masu suka sun ce ai ba adalci a gwajin, tun da an bai wa kashi ɗaya ƙwararren malamin Ingilishi, wanda makarantun gama-gari ba su da irinsa. A ganin mai wannan maƙala, wannan suka ita ce ma babban darasin shirin. Harshen uwa ya sauke wa yaro kaya ɗaya, ƙwararren malami kuma ya taya shi ɗaukar na biyu. Idan aka cire ɗaya daga ciki, to, ba shirin Ife ake magana ba.

5.0 Abin da ya biyo baya

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen yankin da yaro yake, daga baya a koma Ingilishi. Ke nan an ci gaba da tsarin da shirin ya nemi gyarawa. Ko da Fafunwa ya zama Ministan Ilimi daga 1990 zuwa 1992, tsarin shekara shida bai game ƙasa ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare, amma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa, aka mai da Ingilishi harshen koyarwa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa muhawararmu ta fi karkata ga wane harshe za a koyar da shi, alhali Ife ta haɗa da tambaya ta biyu: wa zai koya wa yaro Ingilishin, kuma da wane littafi? Ɗan Bahaushe ko Bayarabe ko Tibi da ya shigo aji ɗaya bai san kalmar Ingilishi ko ɗaya ba, sauya manufa kaɗai ba za ta buɗe masa baki ba. Ya rage ga sassan harsuna na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi su horar da malaman da suka san harshen yaro, suka kuma san dabarun koyar da Ingilishi a matsayin harshe na biyu.