Ciwon mahaɗar kwatangwalo: Ganowa da magani

Likitoci na ɗaukar shigar ƙwayoyin bakteriya cikin mahaɗar kwatangwalo a matsayin larurar gaggawa, domin mugunyar da ke taruwa a ciki kan iya fara cinye guringuntsi cikin sa'o'i kaɗan.

Cutar ta fi kama jarirai da ƙananan yara, sai kuma tsofaffi da masu ciwon suga da masu amosanin jini.

Galibi ƙwayoyin kan bi jini ne su isa mahaɗar daga wani ƙurji ko miki a jiki. Wadda aka fi samu ita ce Staphylococcus aureus.

Alamomi

Yaron da ya kamu kan yi zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafar, ya kuma tsala ihu idan aka motsa cinyarsa. Wani lokacin a gwiwa zai ce yana jin zafin.

Jariri kuwa ba lallai ya yi zazzaɓi ba, sai dai a ga ya daina motsa ƙafa ɗaya.

Ganowa

A shekarar 1999 Dokta Mininder Kocher da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka suka fitar da ma'aunai huɗu na bambanta cutar da kumburin wucin gadi, wanda kan warke da kansa.

Ma'aunan su ne zazzaɓi mai zafi, da kasa taka ƙafa, da fararen ƙwayoyin jini sama da 12,000 a gwaji, da kuma hauhawar alamar kumburi a jini.

Hoton ƙashi kan iya fitowa lafiya lau a kwanakin farko, don haka akan yi sikanin domin a ga ko ruwa ya taru. Tabbaci kuwa sai an zuƙo ruwan da allura an auna shi.

Magani

Akan fitar da mugunyar a wanke mahaɗar, galibi ta hanyar tiyata. Daga nan sai a fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a koma na sha, yawanci na tsawon makonni biyu zuwa huɗu.

Ɗori ko tausa ba sa kashe ƙwayoyin. Jinkiri kan janyo mutuwar kan ƙashin cinya, da gajarcewar ƙafa, da ɗingishi na har abada, ko ma ƙwayoyin su bazu cikin jini su yi ajali.

Yawancin yaran da aka kai asibiti da wuri kan warke sarai.