Yarinyar Da Ta Canja Labarin Jarumawa

A shekara ta 1885 wani mutumin Ingila, H. Rider Haggard, ya buga littafi mai suna King Solomon's Mines, watau Ma'adinan Sarki Sulemanu. Labarin Turawa uku ne da suka kutsa cikin kudancin Afirka suna neman ɗan'uwan ɗayansu da ya ɓace, da kuma dukiya. Tun daga farko mai ba da labarin ya sanar, har da ɗan alfahari, cewa babu zancen mata a ciki. Biyun da suka fito kuwa, ɗaya tsohuwar mayya ce, Gagool, ɗayar budurwa ce, Foulata, wadda ta yi jinyar ɗaya daga cikin Turawan, sa'an nan aka soke ta ta mutu kafin a kai ƙarshe. John Buchan ma da ya rubuta The Thirty-Nine Steps a 1915, mace ba ta da wani aiki a cikinsa. Sai da Alfred Hitchcock ya mai da shi sinima a 1935 aka ƙaro mata.

Da mata suka fara yawa a littattafan kasada da leƙen asiri, matsayi biyu aka ba su: ko ganima, ko tarko. A 1939 James Hadley Chase ya fitar da No Orchids for Miss Blandish, labarin 'yar wani attajiri da 'yan fashi suka sace. Sunanta ke bisa bangon littafin, amma ko sunanta na yanka ba a faɗa ba, ita dai kaya ce da maza ke ja-in-ja a kai. A 1953 Ian Fleming ya kawo James Bond cikin Casino Royale, inda Vesper Lynd ta zama mai cin amana, ta kuma kashe kanta. Wanda ya san labarin Samson da Delila ba zai ga sabon abu a nan ba. Waɗannan littattafai sun iso har kasuwanninmu: 'yan makaranta a Nijeriya da Gana sun yi ta karɓar aron Chase, a Nijar da Kamaru kuwa jerin SAS na Gérard de Villiers ne, wanda ya fara a 1965 ya kai littafi 200. Ƙasa takan canja daga wannan littafi zuwa wancan, macen kuwa tana nan yadda take.

Wanda ya karya wannan al'ada shi ne Peter O'Donnell, an haife shi a Landan a 1920. Abin lura shi ne, bai ɗauko macensa daga littafin wani ba. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana soja mai aikin rediyo a arewacin Farisa, watau Iran. Wata rana suna cin abinci a bakin rafi sai ga wata yarinya 'yar gudun hijira, shekarunta kamar 12, ba takalmi, ita kaɗai, da ɗan ƙullin kayanta. A wuyanta tana rataye da guntun itace da aka ɗaure wa ƙusa, makaminta ke nan. Sojojin suka ajiye mata abinci daga nesa don kada ta firgita. Ta ci, ta wanke kwanon, ta kama hanyarta.

Bayan shekara 20 aka nemi O'Donnell ya ƙirƙiro jarumi don labarin zane na jarida, sai ya tuna da ita. A watan Mayu na 1963 Modesty Blaise ta fito a jaridar Evening Standard ta Landan, Jim Holdaway ne mai zanen. Littafi na farko ya biyo baya a 1965.

Ba iya faɗa ne sabon abin ba, gama ba wuya marubuci ya miƙa wa mace bindiga ya bar ta da halin namiji. Modesty tana da tarihin da ya bayyana ƙarfinta. Ta tsere daga sansanin 'yan gudun hijira a Girka, ba ta tuna iyayenta ba, wani tsohon malami ɗan gudun hijira mai suna Lob ya koya mata karatu, ita kuma ta ciyar da shi. Ta shugabanci ƙungiyar ɓarayi a Tanja ta ƙasar Maroko, ta bari tana da shekara 26. Mataimakinta, Willie Garvin, gwanin jifa da wuƙa ne, ita ta fanshe shi daga kurkuku. Yana yi mata biyayya ba tare da jin an rage masa daraja ba, cikin dukan littattafan kuma ba soyayya tsakaninsu, amana ce kawai. Wannan ne ya fi wuyar kwaikwayo. Da aka yi sinimar a 1966, masu shirya ta ba su iya jure hakan ba, sai da suka sa su biyun zancen aure.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Modesty gurbi ce ga 'yan matan ikilisiya. Ta yi sata, ta yi kisa, zamanta da maza kuwa ba bisa aure ba ne. Kuma abin da Landan ta gani sabo a 1963, mai karanta Littafin Mahukunta sura 4 ya daɗe da saninsa: Barak ya ƙi fita yaƙi sai da Debora, Sisera kuma a hannun Yayel ya mutu, da turken alfarwa da guduma. Turke da ƙusa ba su da nisa da juna.

Bayanta an sami wasu, kamar Lisbeth Salander ta Stieg Larsson, mutumin Suwidin, wadda ta fito a 2005, shekara guda bayan rasuwarsa. Ita ma wuyar da ta sha tun tana ƙarama ce ta gina ta.

O'Donnell ya rubuta littattafai 13 a kan Modesty. A na ƙarshe, Cobra Trap, na 1996, ya bar ta ta manyanta ta haura shekara 50, sa'an nan ya kashe ta tare da Willie. Labarin zanen ya tsaya a 2001, shi kuma ya rasu a 2010. Yarinyar bakin rafi, tun ranar nan ta 1942 bai sāke ganinta ba.