Amincewar Mai Ciwon Ƙoda a Binciken Likitanci: Nazari a kan Tamale

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin mai ciwon ƙoda a Tamale idan aka nemi ya shiga bincike, ta hanyar nazarin ayyukan da aka wallafa a kan Ghana da Nijeriya. Hujjarta ita ce, sa hannu ko dangwala yatsa a takarda bai isa shaidar amincewa ba, muddin majinyacin ba shi da halin cewa a'a, kuma ba a fayyace abin da zai dawo masa ba.

Gabatarwa

Asibitin Koyarwa na Tamale shi ne babban asibitin da yankuna biyar na arewacin Ghana ke turo marasa lafiya, kuma a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka kafa a 1992, ke koyon aiki. Ciwon ƙoda ba ya yin shela. Hawan jini ko ciwon suga kan daɗe yana cin ƙodar a ɓoye, sai ƙafafu sun kumbura, fitsari ya soma kumfa, sannan a nufi asibiti, sau da yawa bayan an gama da maganin gargajiya. A wannan gaɓa ce mai bincike ya fi haɗuwa da majinyaci.

Dalilin buƙatar binciken

Babu mai ja da cewa ana buƙatarsa. A 2010 aka gano cewa wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar gadon APOL1, waɗanda ke ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, suna ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. A kan baƙaƙen fatar Amurka aka fara gano haka, alhali tushen abin yana Afirka ta Yamma. Ƙungiyar binciken ƙoda ta shirin H3Africa, wadda Dwomoa Adu na Jami'ar Ghana da Akinlolu Ojo suka jagoranta, ita ta cike wannan giɓi. Sakamakonta da ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a Oktoba 2024 ya ƙunshi mutum 8,355 daga Ghana da Nijeriya. Kashi 43 cikin 100 na ɗauke da sauyi ɗaya, kashi 29.7 na ɗauke da biyu. Yiwuwar ciwon ƙoda mai daɗewa ta ƙaru da kashi 18 ga masu ɗaya, da kashi 25 ga masu biyu. Kowane adadi a nan daga jini da fitsarin wani ya fito, wasu 866 ma har an tsakuro tsokar ƙodarsu da allura.

Hatta lissafin da ake auna ƙarfin ƙoda da shi daga sinadarin kiriyatinin a ƙasashen waje aka tsara shi, kuma wani bincike da aka yi a yankin Ashanti, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa ƙarin da ake yi wa baƙar fata a lissafin a lokacin bai dace da mutanen can ba.

Inda amincewa ke rauni

Wankin ƙoda zama ne na kimanin awa huɗu a jikin na'ura, sau biyu ko uku a mako, jini na fita ta wani bututu yana komawa ta wani. A 2023, lokacin da aka sanar da ƙara kuɗin zama ɗaya a asibitin Korle Bu na Ghana daga sidi 380 zuwa 765, ƙasar gaba ɗaya ta ɗauka. A 2024 hukumar inshorar lafiya ta soma ɗaukar nauyin wankin, sai dai kuɗin mota daga Yendi ko Walewale, da gwaje-gwaje, da sana'ar da aka ajiye, suna nan a wuyan iyali. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa akwai bincike mai gwajin jini kyauta da kuɗin mota, zai amsa tun kafin a kai ƙarshen bayani. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ba sai mai bincike ya yi mugun nufi ba. Halin da ake ciki shi ke tilastawa. Abin ya fi tsanani idan likitan da ke duba shi ne ya kawo takardar, don kunya ba za ta bari ya ƙi ba, kuma “likita ya fi ni sani” ita ce amsar da aka saba ji.

Sai harshe. Takardar amincewa da Turanci ake fara rubuta ta, alhali a Tamale Dagbanci ake yi, a Zango kuma Hausa. Nazarin da Paulina Tindana da abokan aikinta suka wallafa a 2006 a kan gundumar Kassena-Nankana, inda Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo take, ya nuna tasirin sarakuna da masu gida a kan shawarar shiga bincike. Shiga gari ta ƙofar sarki ko limami ladabi ne, kuma ya kamata. Amma yardar maigida ba ta maye gurbin ta matar da za a ɗebi jininta, don haka a keɓe da ita, tare da tafinta wadda ba 'yar gidan ba. Bahaushe kuwa yana da dalilin taka-tsantsan: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda 11 suka rasu a cikinsa, har yau ba a manta ba.

Abin da ya kamata ya dawo

A ganina, ma'aunin farko shi ne majinyaci ya iya faɗa da bakinsa cewa ƙin shiga ba zai rage masa ko zama ɗaya na wanki ba. Bayan haka a gaya masa inda za a daskarar da jininsa, ko za a ƙetare da shi, da wanda zai iya taɓa bayanansa. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta ba shi haƙƙin sanin wanda zai taɓa bayanansa. Sakamakon da ke da amfani nan take, kamar awon hawan jini da furotin a fitsari, a ba shi a hannu tare da bayani. Na ƙwayar gado ya fi wuyar sha'ani, domin ya shafi 'ya'ya, da batun aure, da ƙanin da zai so ba da ƙodarsa, kuma mafi yawan masu sauyi biyu ba sa kamuwa da ciwon. Ba a sakar wa mutum irin wannan labari sai da mai ba da shawara a kusa.

Akwai giɓi guda da ya fi damuna. Sanarwar Helsinki kan ɗa'ar binciken likitanci ta tanadi cewa wanda aka gwada magani a kansa ya ci gaba da samunsa idan ya yi amfani, amma tanadin bai kai ga wanda jini kawai ya bayar ba. Maganin inaxaplin na kamfanin Vertex, wanda aka nufi APOL1 da shi, ya rage furotin a fitsari da kimanin kashi 48 a wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2023. Kwamitin ɗa'ar bincike da zai amince da ɗibar jini a Tamale ya kamata ya nemi masu ɗaukar nauyin aikin su rubuta tun farko yadda irin wannan magani zai iso garin, da farashin da za a sa masa.