Sankarar Maƙoshi a Jazira da Zargin da Ake Yi wa Bairos

A ƙauyukan Hausawa na gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, daga Rufa'a har Mai Wurno, wannan ciwo yakan fara da ƙorafin da ba a cika kulawa da shi ba: loma ta tsaya. Mai ciwo ya bar nama, ya koma asida mai laushi, daga nan kunu, har ruwa ya gagara wucewa. Kafin a kai shi Cibiyar Sankara ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, galibi ƙari ya riga ya toshe bututun abinci.

A mafi yawan ƙasashe maza wannan sankara ta fi kamawa, saboda taba da giya. Amma wani nazari da aka buga a 2012 kan majinyatan Jazira ya nuna mata sun fi yawa, alhali tumbak, wato garin taba da ake cuɗawa da kanwa a dasa a leɓe, harkar maza ce. To, me ke cin matan?

Masu bincike da dama sun ɗora zargi kan bairos, kuma da dalilinsu. Tun 1964 aka gano bairos ɗin Epstein-Barr a cikin ƙarin da ke kumbura muƙamuƙin yara a Afirka. A 2008 Harald zur Hausen ya samu kyautar Nobel bisa tabbatar da cewa bairos ɗin HPV ne ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Shi kuwa Kari Syrjänen na Finland, tun 1982 ya ce ya ga alamun HPV a maƙoshi. Da zancen ya tabbata, da allurar rigakafi ta raba gardama.

Sai dai ganin mutum a wurin da aka yi sata bai mai da shi ɓarawo ba. Gwajin PCR yana tsinto ɓurɓushin ƙwayar cuta kome ƙanƙantarsa, har wanda ya faɗo daga baki ko ya shiga samfurin a ɗakin gwaji, shi ya sa sakamakon wannan gari yake saɓa wa na wancan nesa ba kusa ba. Hujjar da ake bukata ita ce a ga bairos ya shiga tsarin gadon ƙwayar halitta yana aiki a ciki. Binciken InterSCOPE na 2012 ya auna jinin majinyata fiye da 1,500, bai samu wannan alama ba sai a 'yan ƙalilan. Babban nazarin tsarin gadon ƙarin da aka buga a mujallar Nature a 2017 shi ma bai ga hannun HPV ba.

Inda zargin ke da ɗan ƙarfi shi ne a nau'o'in da ba a cika gani ba. Akwai wani ƙari mai cike da fararen ƙwayoyin jini, mai kama da sankarar bayan hanci, wanda aka samu Epstein-Barr a cikin wasunsa. Likita na iya gama aikinsa bai taɓa cin karo da shi ba, don haka ba zai bayyana halin da matan Jazira ke ciki ba.

A ganina madafa ya kamata a fara dubawa. Matar da ke tsugune tana yin kisra, wato gurasar dawa, ta shekara da shekaru tana shaƙar hayaƙin itace. Shayi da jabana, wato gahawa, kuwa da zafinsu ake kurɓa, kuma a 2016 Hukumar Binciken Sankara ta Duniya ta ce abin shan da ya wuce digiri 65 mai yiwuwa ne yana jawo wannan ciwo. Ga ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini bayan haihuwa a kai a kai. Waɗannan ma zato ne, amma zaton da za a iya gwadawa da takardar tambayoyi da ma'aunin zafi, kamar yadda aka yi a Golestan ta Iran da kuma Kenya da Tanzaniya.

Yaƙi ya katse aikin cibiyar Wad Madani lokacin da dakarun RSF, masu yaƙi da sojan Sudan, suka kama garin a Disamban 2023, kafin soja su ƙwato shi a Janairun 2025. Kira na ga masu sake gina ta: a sa na'urar leƙa maƙoshi a asibitocin gabashin kogi, kuma a riƙa rubuta ƙauye, sana'a da abincin kowane majinyaci a rajista.