Daga Sassaƙa Zuwa Liƙi: Waiwaye Kan Cikon Haƙori

A zamanin G. V. Black, likitan haƙorin Amurka da ya daidaita haɗin amalgam a 1895, babu cikon da ke manne wa haƙori. Kwaɓi ne na azurfa da kuza da zaiba, a cusa shi cikin kogo ya daskare, siffar ramin kaɗai ke riƙe shi. Shi ya sa likita kan rarake haƙori, ya bar bakin ramin a tsuke cikinsa da faɗi, har ya ci inda ruɓa ba ta kai ba. Da yawanmu mun taso muna hango irin wannan ciko mai duhu a turamen manyanmu idan suka yi dariya. Yana da ƙarko, ba mu musa ba, amma lafiyayyen haƙori aka sassaƙe kafin ya zauna.

Ɓawon haƙori ne ya gagari masu gam. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, ga santsi, ga yawu kullum a kansa. Duk abin da aka shafa sai ya ɓare.

Daga nan sai 1955. Michael Buonocore, mai bincike a cibiyar Eastman da ke Rochester a jihar New York, ya lura masana'antu na wanke ƙarfe da asid ɗin fosforik kafin su yi masa fenti, don fentin ya kama. Sai ya gwada dabarar a kan haƙori: asid mai ƙarfin kashi 85, na tsawon daƙiƙa 30. Da ya ɗora roba, ta riƙe gam. Asid ɗin yakan cinye ƙananan sandunan ma'adinin da suka haɗu suka yi ɓawon, wani wuri fiye da wani, ya bar ramuka birjik waɗanda ido ba ya gani. Robar na ruwa-ruwa ta kwarara ciki, ta daskare, ta yi saiwa. Magini ma sai ya karce bango kafin yaɓe ya zauna.

Abin mamaki, aka shafe shekaru ba a kula da dabarar sosai ba. Likitoci na ƙyamar zuba asid a haƙori, tunda asid ne ke ruɓar da shi tun farko, robar lokacin kuma tana tsukewa idan ta daskare. Sai da Rafael Bowen ya samar da Bis-GMA a farkon shekarun 1960, roba mai ƙwari da ake cakuɗawa da garin ma'adini, sannan dabarar ta sami abokiyar tafiya. A 1965 George Newman ya fara liƙa kayan daidaita haƙora kai tsaye a jikinsu. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 fitila mai shuɗin haske ta fara maye gurbin hasken ultrabayolet wajen daskarar da ciko.

Abin da ke ƙarƙashin ɓawon ya fi ba da wuya, saboda damshinsa. Jafanawa ne suka buɗe wannan hanyar: Takao Fusayama a 1979, sai Nobuo Nakabayashi da ya bayyana a 1982 yadda roba ke sarƙewa da zaren da ke cikin haƙori. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba ta ƙara tura likitoci zuwa ga farin cikon roba.

A kan ɓawon kuwa, dabarar Buonocore ba ta tsufa ba. An dai rage asid ɗin zuwa wajen kashi 37, a bar shi daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, a busar har wurin ya yi fari fat kamar alli. Yawu kaɗan ya taɓa shi, aikin ya ɓaci, sai an sake. Idan likita ya cika maka baki da auduga ya ce kada ka rufe, ka daure masa, wannan farin wurin yake karewa.