VistA: Yadda Aka Yi Jayayya Kan Gyaran Manhajar Da Ba Ta Da Mai Ita

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, wadda aka zartar a 1976, ta tanadi cewa duk abin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya rubuta a bakin aikinsa ba shi da mai shi, na jama'a ne. Ta wannan ƙofa ce VistA ta fito, wato manhajar adana bayanan marasa lafiya a asibitocin tsofaffin sojoji. Tun ƙarshen shekarun 1970 wasu likitoci da masu rubuta manhaja suka fara haɗa ta da harshen kwamfuta na MUMPS, a ɓoye ma wani lokaci, domin manyansu ba su so. Sai a farkon shekarun 1980 hukuma ta rungume ta. Daga nan duk mai buƙata yana iya neman kwafinta ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, kuma an nema: har a Ile-Ife an ɗora manhajar asibiti ta MINPHIS a kan ginshiƙanta.

Sai dai zaman VistA ta kowa bai kare gumin waɗanda suka gyara ta ba. Dokar ta tsaya ne a kan abin da gwamnati ta rubuta. Asibitin farar hula kuwa yana buƙatar sashen yara da na haihuwa da lissafin kuɗi, abubuwan da asibitin tsofaffin sojoji bai cika damuwa da su ba, kuma duk wanda ya ƙara su, ƙarin nasa ne. Kamfani na iya ɗaukar ta, ya gyara, ya kulle, ya sayar. A 2006 har kamfanin Medsphere ya kai wasu daga cikin waɗanda suka kafa shi kotu saboda sun saki gyaran da ya yi wa VistA a intanet. Shi ya sa ƙungiyar sa-kai ta WorldVistA ta sa wa nata gyaran lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne duk wanda ya ƙara wani abu ya rarraba, to ya rarraba shi a buɗe. A ganina sun yi daidai.

Wasu sun ce ai wannan katange filin jama'a ne. Ba haka ba ne, domin asalin manhajar yana nan yadda yake, kowa na iya ɗauka. Sharaɗin ya hau kan ƙarin ne kawai. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa gwamnati ba za ta iya mayar da gyaran GPL cikin abin da take saki ba tare da sharaɗi ba, sai hanyar ta zama mai tafiya ɗaya. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa OSEHRA, cibiyar da ma'aikatar tsofaffin sojoji ta sa aka kafa a 2011, ta zaɓi lasisin Apache mai sassauci, don gyara ya riƙa komawa gida. Amma wannan tsari ya dogara ne ga gwamnati ta ci gaba da riƙe manhajar, ita kuwa ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba. A 2018 ma'aikatar ta ba kamfanin Cerner kwangilar maye gurbin VistA, a 2020 kuma OSEHRA ta rufe. Ƙasar Jodan, wadda ta gina shirinta na Hakeem a kan VistA tun 2009, ba ta da ta cewa a wannan shawara. Abin da ke ba irinta tabbacin cewa gyaran 'yan sa-kai ba zai kuɓuce mata ba shi ne sharaɗin da aka rubuta a jikin gyaran, wanda sauyin minista ko ƙarewar kwangila ba ya soke shi.