Yadda ake auna ingancin bayanin kayan aikin da ake rubuta wa wakilan AI

Wakilin AI shi ne tsarin ƙirƙirarriyar basira da ke zartar da aiki a madadin mutum, kamar binciko bayani, aika saƙo ko biyan kuɗi, maimakon ya tsaya ga amsa tambaya kaɗai. Yana yin haka ne ta hanyar kiran wasu ƙananan manhajoji da ake kira kayan aiki. Kowane ɗayansu na zuwa da rubutaccen bayani mai sassa uku: sunansa, bayanin aikin da yake yi, da jerin abubuwan da ake shigar masa, wanda galibi ake tsarawa bisa ƙa'idar JSON Schema.

Kamfanin OpenAI ya fito da hanyar kiran irin waɗannan kayan aiki a watan Yunin 2023, sannan kamfanin Anthropic ya ƙaddamar da tsarin MCP a watan Nuwamban 2024 domin a samu hanya guda ta haɗa wakilai da su. Tun daga lokacin rubuta wannan bayani ya zama aiki mai zaman kansa.

Dalilin kuwa shi ne, injiniyan da ya ci karo da umarni mai harshen damo zai iya tambayar abokin aikinsa ko ya buɗe manhajar ya duba cikinta. Wakilin AI ba ya ganin cikin kayan aikin; abin da aka rubuta masa shi ne iyakar saninsa, kuma inda ya tarar da giɓi yakan cike shi da hasashe.

Saboda haka abin da ake fara dubawa shi ne ko bayanin ya fayyace lokacin da ya kamata a yi amfani da kayan aikin da lokacin da bai kamata ba. Idan aka ba wakili kayan aiki biyu masu kama da juna, ɗaya na neman abokin ciniki da sunansa, ɗaya da lambar asusunsa, amma aka rubuta "bincike" kawai a kan kowannensu, zaɓinsa zai zama na kirdado.

Inda matsala ta fi ɓuya shi ne wajen ma'auni. Kamfanin biyan kuɗi na Paystack, alal misali, yana karɓar adadin kuɗi a kwabo ne, ba a naira ba. Idan wanda ya haɗa wakili da irin wannan tsari ya rubuta "adadin kuɗi" ya yi shiru, wakilin na iya shigar da 5000 da nufin naira dubu biyar, a caji naira 50 kacal, ba tare da wata alamar kuskure ta bayyana ba. Haka kwanan wata: 03/04 na nufin 3 ga Afrilu a Najeriya, amma 4 ga Maris ne a Amurka. Lambar waya ma sai an faɗi ko za ta fara da sifili ko da +234. Bayani mai inganci yakan ambaci ma'aunin ƙarara, ya kuma kawo misali ɗaya.

Saƙon kuskure shi ma wani ɓangare ne na bayanin, duk da cewa an fi yin sakaci da shi. Lamba tsurarta ba ta nuna wa wakili mafita, amma saƙon da ya ce kwanan watan bai bi tsarin shekara, wata, rana ba, zai sa ya gyara a yunƙuri na biyu.

Karanta bayanin kaɗai ba ya wadatarwa wajen yanke hukunci. Masu gina irin waɗannan tsare-tsare sukan shirya ayyuka masu kama da na zahiri, su ba wakilin, su ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace, sau nawa ya cike gurbi ba daidai ba, da yawan kiran da ya yi kafin ya kammala. Daga nan sai a sauya lafazin bayanin a sake gwaji. Tsawo ma yana da farashi, domin kowace kalma tana cin wuri a cikin iyakantaccen rubutun da wakilin ke iya riƙewa a lokaci guda, musamman idan kayan aikin sun kai gommai.

Akwai kuma batun tsaro. Tun da wakili na ɗaukar bayanin a matsayin jagora, mai mugun nufi na iya cusa umarni a ciki. A watan Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs sun nuna yadda umarnin da aka ɓoye a bayanin kayan aiki zai iya sa wakili ya kwashi bayanan sirri ya tura waje, alhali mai amfani da shi taƙaitaccen suna kawai yake gani a allonsa. Tsarin MCP ya tanadi alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya goge abu, sai dai ƙa'idojinsa sun yi gargaɗin kada a dogara da su matuƙar ba daga amintacciyar majiya suka fito ba.